Idan Banki Ya Ce Ba Kai Ba Ne

Ba na cikin masu ganin cewa tantance mutum kafin a buɗe masa asusu ko a ba shi bashi cin fuska ne. Duk wanda ya ajiye kuɗinsa a banki yana so a tsayar da baƙon da ya zo da sunansa, a yi masa tambayoyi, a bincika sosai kafin a miƙa masa ko sisi. Ƙorafina a wani wuri yake. Tsarin da bankuna da kamfanonin tattara bayanan bashi suke aiki da shi a ƙasashe da dama yana gwada mutum ne da wani fayil da aka rubuta a kansa a bayan idonsa. Idan suka dace a ce shi ne, idan suka saɓa a ce ba shi ba ne. Kuma duk lokacin da aka samu saɓani, ba a tuhumar fayil, mutumin ake tuhuma. Shi zai bar aikinsa, shi zai nemo takardu, shi zai yi ta jeka-ka-dawo, alhali ba shi ya rubuta kuskuren ba, kuma sau da yawa ba a ma yarda ya ga inda kuskuren yake.

Mutane da yawa ba su san da zaman waɗannan kamfanoni ba sai ranar da aka hana su bashi, ko hayar gida, ko wani aiki. Kamfanoni ne da bankuna da sauran masu ba da bashi suke aika wa labarin abokan hulɗarsu a kai a kai: wane ya karɓi nawa, ya biya a kan lokaci ko ya makara, a ina yake zaune, wace lambar waya yake riƙe da ita. Manyan cikinsu su ne Equifax da Experian da TransUnion, waɗanda suke aiki a Amurka da wasu ƙasashe masu yawa, sannan kusan kowace ƙasa tana da nata, kamar Schufa a Jamus. Ba sababbi ba ne, domin asalin Equifax yana komawa ne zuwa 1899 a birnin Atlanta. Mutum bai zaɓe su ba, kuma ba shi da hanyar da zai ce musu ya fasa su cire sunansa. Daga wannan rumbun bayanai ne ake ɗebo tambayoyin da ake jarraba shi da su idan ya zo ta intanet yana cewa shi ne mai asusun.

Ga yadda jarrabawar take. Allon waya ko na kwamfuta zai kawo tambayoyi huɗu ko biyar, kowace da jerin amsoshi, ta ƙarshe a cikinsu ita ce babu ko ɗaya. A wane titi daga cikin waɗannan ka taɓa zama? Wane banki ne ya ba ka bashin mota shekarun baya? Tsakanin nawa da nawa kake biya a wata? Lokaci kuma yana tafiya, domin an ƙayyade mintocin amsawa. Mai gaskiya sai ya tsaya yana tunani, saboda titin da ya zauna an sauya masa suna, bankin da ya ba shi bashin wani ya saye shi ya haɗiye sunansa, kuɗin da yake tunawa yana biya kuma ya haɗa da inshora alhali wanda ke cikin fayil bai haɗa ba. Mafi muni shi ne a tambaye shi game da bashin da bai taɓa ci ba. Zai zaɓi babu ko ɗaya, kuma gaskiya ya faɗa, amma idan an riga an liƙa masa bashin wani a fayilinsa bisa kuskure, na'urar tana jiran ya ambaci sunan bankin ne, don haka gaskiyarsa ita ce za ta kayar da shi. Daga nan sai a rufe masa hanya, a ce ya aiko ta gidan waya da kwafin katin shaida da takardar kuɗin wuta, ya jira makonni.

Shi kuwa ɓarawo ba ya tsayawa tunani, domin ba daga ƙwaƙwalwarsa yake amsawa ba, fayil ɗin ne a buɗe a gabansa, ko ya saya ko ya sata. Wannan ba hasashe ba ne. A 2015 masu kutse sun shiga shafin hukumar tattara haraji ta Amurka, IRS, wanda mutane ke sauke tsofaffin takardun harajinsu, kuma ba su fasa komai ba, amsa irin waɗannan tambayoyi suka yi daidai. Daga baya hukumar ta ce asusun da abin ya shafa sun haura 700,000. A watan Satumba na 2017 Equifax ya sanar da cewa an sace bayanan mutane kimanin miliyan 143, adadin da daga baya ya kai kimanin miliyan 147, da sunaye da ranakun haihuwa da adireshi da lambobin shaida, ta wata ɓaraka a manhajar da kamfanin ke amfani da ita, wadda aka riga aka fitar da maganinta tun watan Maris amma bai toshe ba. A waccan shekarar ce hukumar NIST, mai tsara ma'aunan fasaha ga gwamnatin Amurka, ta fitar da ƙa'idojin da suka taƙaita amfani da waɗannan tambayoyi matuƙa, sannan a 2019 ofishin GAO mai binciken ayyukan gwamnati ya shawarci hukumomin ƙasar da su daina dogara da su, saboda amsoshin sun riga sun yaɗu a hannun ɓarayi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, bayan duk wannan, har yanzu akwai cibiyoyin kuɗi da suke rufe wa mai gaskiya ƙofa saboda ya manta lambar gidan da ya bari tun yana ɗalibi. Sun san hanyar ba ta hana ɓarawo, amma tana da arha, kuma tana ba su abin da za su nuna wa masu sa ido cewa sun yi bincike.

Sai kuma maganar ingancin fayil ɗin kansa. A 2013 hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka, FTC, ta fitar da sakamakon wani bincike da ya gano cewa mutum ɗaya cikin biyar yana da kuskure a rahotonsa a wajen aƙalla ɗaya daga cikin manyan kamfanonin uku, kuma kashi 5 cikin 100 kuskuren nasu ya kai girman da zai iya sa su biya kuɗin ruwa fiye da yadda ya kamata. Wannan a ƙasar da ta daɗe da doka a kan lamarin ke nan, tun 1970. A nan ne mutum yake faɗawa cikin wani zagaye da ba shi da mafita. Domin ya gyara kuskure, sai ya ga rahotonsa. Domin ya ga rahotonsa, sai ya ci jarrabawar tantancewa. Jarrabawar kuma daga rahoton mai kuskure aka ciro ta. Idan ya buga waya, ma'aikacin zai ce masa cikin ladabi ba zai iya tattauna komai da shi ba sai ya wuce tantancewa. Idan ya tambayi wace amsa ce ta saɓa, a ce ba a faɗa saboda tsaro. Wanda aka sace wa bayanai aka ci bashi da sunansa shi ne ya fi kowa shan wannan azaba, domin ɓarawon ya riga ya saka nasa adireshin da tasa lambar wayar a fayil, ta yadda a idon na'ura ɓarawon ya fi kama da mai sunan fiye da shi kansa mai sunan.

Ko da ya samu ya shigar da ƙorafi, abin da ake yi da ƙorafin ba ya kwantar da hankali. Dokar Amurka ta ba kamfanin kwana 30 ya yi bincike, to amma an daɗe ana sukar yadda binciken yake gudana: wasiƙar da mutum ya zauna ya rubuta da hujjojinsa ana mayar da ita wata gajeriyar lamba da ke nuna nau'in ƙorafin, a tura wa mai ba da bashin da ya kawo bayanin tun farko, shi kuma ya duba kwamfutarsa ya ga abin da ya aika shi ne dai a ciki, ya amsa cewa an tabbatar. Wato wanda ake ƙara a kansa shi ake tambaya ko ya yi kuskure.

Batun suna ya cancanci a tsaya a kansa, domin nan ne tsarin ya fi nuna cewa an gina shi ne da wasu irin mutane a zuciya, aka manta da sauran. Fom ɗin yana zaton kowa yana da sunan farko da sunan dangi guda ɗaya da ba ya sauyawa, kuma ana rubuta shi iri ɗaya a ko'ina. Miliyoyin mutane ba haka suke ba. Akwai masu suna ɗaya tak, akwai masu sunan dangi biyu, akwai matan da suka sauya suna bayan aure, akwai waɗanda asalin sunansu da wasu haruffa ake rubuta shi, kowane ma'aikaci ya mayar da shi boko yadda kunnensa ya ji. Muhammad ɗaya zai iya zama Mohammed a fasfo, Mohamed a banki, Muhammed a takardar makaranta, kuma duk ba shi ya rubuta ba. Ranar haihuwa ma haka: wata ƙasa tana fara rubuta rana, wata tana fara rubuta wata, waɗanda kuma ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, kamar 'yan gudun hijira da yawa, sai a ba su 1 ga Janairu gaba ɗayansu. Harafi ɗaya ya isa a ce mutum ba shi ba ne. Amma kuma idan aka zo liƙa wa mutum laifin wani, sai tsananin ya ɓace. A 2011 wani mutum mai suna Sergio Ramirez ya je sayen mota a jihar Kalifoniya, aka ƙi sayar masa saboda rahoton TransUnion ya nuna cewa sunansa ya yi daidai da wani suna a jerin 'yan ta'adda da masu safarar ƙwayoyi na ma'aikatar baitulmalin Amurka; ƙarshe da sunan matarsa aka sayi motar. Sunan farko da na ƙarshe kawai kamfanin ya gwada, bai duba ranar haihuwa ba. Mutum 8,185 ne suka shiga ƙarar da ta biyo baya, kuma a 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa 1,853 daga cikinsu, waɗanda aka tabbatar an aika rahotonsu ga wasu, su ne kaɗai suke da damar neman diyya a kan wannan ɓata suna. Sauran an ce musu alamar tana nan a fayilinsu amma ba su nuna cutarwa ba tukuna.

Me ya sa ake tsaurara wa mutum haka idan yana neman ganin bayanansa, amma a sassauta idan ana rubuta abu a kansa? Amsar a ganina ba ta da wuya. Mutumin da ke cikin fayil ba shi ne abokin cinikin kamfanin ba. Abokan cinikin su ne bankuna da masu ba da bashi da masu gidajen haya, waɗanda suke biyan kuɗi domin a ba su rahoto cikin daƙiƙa. Duk abin da zai jinkirta musu asara ne ga kamfanin, duk abin da zai jinkirta wa mai fayil kuwa ba ya rage wa kowa riba. A watan Agusta na 2020 an bayyana cewa reshen Experian na Afirka ta Kudu ya miƙa bayanan mutane kimanin miliyan 24 da na kamfanoni kusan 800,000 ga wani mazambaci da ya zo a matsayin abokin ciniki na gaskiya. Ba kutse aka yi ba, nema ya yi aka ba shi. Kamfanin da yake hana mutum ganin fayilinsa saboda ya kasa tuna wani tsohon adireshi bai iya tantance wanda ya zo karɓar fayil miliyan 24 ba. Haka nan idan banki ya ba mazambaci bashi da sunan wani, mutum biyu ne suka ƙulla cinikin, banki da mazambacin. Mai sunan yana gidansa bai san ana yi ba. Bankin ne aka yaudara, shi ne ya kasa bincike, amma bashin a fayilin mai sunan ake rubuta shi, kuma shi ne zai shafe watanni yana rantsuwa da kawo takardun 'yan sanda. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da aka ga tambayoyi sun gaza, sai aka koma ga jikin mutum, wato zanen yatsa da hoton fuska, aka ce waɗannan ba a mantawa da su kuma ba a satarsu. Na taɓa tsayawa a layi a wani banki bayan wani dattijo da ya zo sabunta bayanan asusun da ake biyansa fansho ta ciki. Hannunsa hannun wanda ya yi shekaru yana aikin ƙarfi ne, fatar yatsun ta yi kanta, zanen ya shafe. Ma'aikaciyar ta ce, “Baba, a ƙara dannawa, a hankali.” Ya danna babban yatsa, fitila ta yi ja. Ta ba shi ƙyalle ya goge, ya shafa yatsan a goshinsa don ya ɗan jiƙe, ya gwada manuni, ya gwada na hagu, duk ja. Ya zaro katin shaidarsa mai hotonsa da tsohon littafin ajiyarsa ya ɗora a kan teburi, ya ce, “'Yata, ai ga ni, ga hotona, ga ki kina kallona.” Ta ce, “Wallahi Baba na san kai ne, amma na'urar ba ta ba ni ikon wucewa ba.” Ban ga laifin yarinyar ba ko kaɗan, domin a fuskarta ana ganin abin ya dame ta. Laifin yana wajen waɗanda suka tsara aikin ta yadda ma'aikacin da yake kallon mutum ido da ido, da katinsa a hannu, ba shi da maɓallin da zai danna ya ce na shaida shi ne.

Fuska ma tana da nata matsalolin. Manhaja za ta ce ka saka fuskarka cikin da'ira, ka ƙifta ido, ka juya hagu, sannan ta ce haske bai isa ba, ko hoton bai dace da na kati ba, katin da wataƙila an ɗauki hotonsa shekara goma da suka wuce. A watan Disamba na 2019 hukumar NIST ta gwada manhajojin gane fuska 189 daga masu ƙira 99, ta gano cewa da yawa daga cikinsu sun fi yin kuskuren ɗaukar mutum biyu daban a matsayin mutum ɗaya idan fuskokin na baƙaƙen fata ne ko na mutanen Asiya, a wasu lokuta ninki 10 zuwa 100 idan aka kwatanta da fararen fata. A lura da ma'anar wannan: kariyar da ake wahalar da mutum dominta ita kanta ta fi rauni a kan wasu mutane. A farkon 2022 hukumar IRS ta janye shirinta na tilasta wa masu biyan haraji ɗaukar hoton fuska ta hannun wani kamfani mai zaman kansa, bayan ƙorafin jama'a da 'yan majalisa. A Indiya, inda tsarin shaida na gwamnati mai suna Aadhaar ya tattara zanen yatsa da na ido na mutane fiye da biliyan ɗaya, Kotun Ƙoli ta yanke a 2018 cewa ba za a tilasta haɗa shi da asusun banki ko layin waya ba. Sannan akwai abin da ba a cika faɗa ba, wato kalmar sirri idan an sace ana sauya ta, amma wanda aka sace hoton fuskarsa da zanen yatsunsa daga rumbun wani kamfani ba shi da wasu da zai sauya.

Lambar da ake turowa ta waya ita ma ta mayar da layin waya katin shaida, alhali ba don haka aka yi shi ba. Wanda ya yi tafiya ƙasar waje, ko wayarsa ta ɓata, ko kamfanin sadarwa ya sake sayar da tsohon layinsa, yakan tarar da cewa domin ya sauya lambar da ke asusunsa, sai ya karɓi saƙo a kan lambar da ba ta hannunsa. Mazambacin da ya lallaɓa ya karɓe layin wani kuwa, saƙon kai tsaye wajensa zai je.

Idan aka matsa wa bankuna, amsarsu ita ce doka ce ta tilasta musu. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Ƙa'idojin sanin abokin hulɗa sun samo asali ne daga yaƙi da halatta kuɗin haram da ɗaukar nauyin ta'addanci, kuma hukumar FATF da manyan ƙasashe bakwai masu ƙarfin tattalin arziki, wato G7, suka kafa a 1989 ita ce ke tsara su, ƙasashe su mayar da su doka. Banki da ya yi sakaci yana iya fuskantar tara mai nauyi, don haka tsoronsa ba na banza ba ne. To amma shawarwarin FATF ɗin, musamman tun da aka sabunta su a 2012, sun ce a auna bincike da girman haɗari, kuma sun ba da damar sassauci inda haɗarin ƙarami ne. Meziko ta ɓullo da asusu masu matakai tun 2011, inda ƙaramin asusu mai iyakar kuɗi yake buƙatar ƙaramar shaida, kuma ƙasashe da dama sun bi wannan hanya. Saboda haka bankin da yake neman tarin takardu daga mai ƙaramin ajiya kamar yadda zai nema daga mai shigo da miliyoyi daga ƙetare, zaɓi ya yi, domin ya fi masa sauƙi ya kori mutum da ya zauna ya auna shi. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2021 mutane kimanin miliyan 850 a duniya ba su da wata shaida ta hukuma kwata-kwata. Kowace takarda da aka ƙara a jerin buƙatu, waɗannan da makamantansu ake ƙara turawa waje, su koma ajiyar kuɗi a gida da cin bashi a hannun masu tsawwala ruwa, inda babu mai sa ido ko kaɗan.

Akwai hujja guda da nake ɗauka da muhimmanci, wato cewa idan aka faɗa wa wanda ya faɗi jarrabawa inda ya kuskure, an koya wa ɓarawo yadda zai gyara ya dawo. Haka ne a intanet, inda ba a san wanda ke bayan allo ba, kuma ban ce a riƙa bayyana amsa a can ba. Amma wannan hujja tana ƙarewa ne a daidai lokacin da mutum ya bayyana da kansa, da takardunsa na asali, a gaban ma'aikaci ko ta kiran bidiyo da mutum mai rai. A nan ɓoye masa cewa ranar haihuwarsa ce aka rubuta ba daidai ba, ko wani adireshi ne aka liƙa masa, ba ya kare kowa. Kuskuren kawai yake karewa. Shi ya sa nake ganin duk cibiyar da ta saka na'ura a ƙofarta wajibi ne ta bar wata ƙofa mai mutum a bayanta, mutumin da aka ba ikon ya duba ya yanke hukunci ya sa hannu, da wa'adin kwanaki da aka rubuta, ba tare da an caji wanda aka wahalar ba.

Ba na tsammanin za su yi wannan don ra'ayin kansu, domin lissafinsu bai nuna musu dalili ba. Idan ɓarawo ya wuce, banki yana ganin asarar a littafinsa. Idan aka kori mai gaskiya, asarar tana faɗawa ne a kan albashinsa na ranar da ya rasa, da hayar gidan da ta kuɓuce masa, da maganin da bai saya ba saboda an rufe asusunsa, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke shiga littafin banki. Doka ce kaɗai za ta iya mayar da wannan asara inda ta fito. An fara gani a wasu wurare. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a watan Mayu na 2018 ta ba mutum haƙƙin a gyara bayanansa, a amsa masa cikin wata ɗaya, da haƙƙin neman mutum ya sake duba hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kansa. A watan Disamba na 2023 kuma kotun Tarayyar ta yanke, a shari'ar Schufa, cewa makin cancantar bashi shi kansa yana shiga ƙarƙashin wannan ƙa'ida idan mai ba da bashi ya dogara da shi sosai. A Birtaniya, tun watan Oktoba na 2024, an wajabta wa bankuna su mayar wa wanda aka yaudara ya tura kuɗi har zuwa fam 85,000, kuma ana raba nauyin biyan tsakanin bankin da ya tura da bankin da ya karɓa, wanda shi ne ya buɗe wa mazambacin asusu. Ita ma Amurka sai bayan abin kunyar Equifax ne ta mayar da kulle fayil, wato mutum ya hana a nuna rahotonsa ga sababbin masu ba da bashi, kyauta a 2018, alhali kafin nan a jihohi da dama mutum yana biyan kamfanin ne domin ya hana shi sayar da bayanansa.

Abin da ya rage, kuma nake ganin ya fi kowanne sauƙin aiwatarwa, shi ne masu sa ido su tilasta wa kowane banki da kowane kamfanin tattara bayanan bashi ya riƙa wallafa alƙaluma biyu a kowace shekara: mutum nawa na'urarsu ta ƙi, daga baya aka tabbatar su ne masu asusun, da kuma kwana nawa aka ɗauka kafin a buɗe musu. Suna da waɗannan alƙaluma, domin kowace ƙin amincewa tana rubuce a kwamfutarsu. Idan wa'adin da doka ta sa ya wuce ba a warware wa mutum ba, a biya shi diyya a kan kowace rana ba sai ya je kotu ba, kamar yadda ake cajinsa tara a kan kowace rana idan shi ne ya makara da biya. Bashin da aka ba mazambaci kuma a cire shi daga fayilin mai sunan tun ranar da ya kai ƙorafi, ya zama bankin ne zai kawo hujjar cewa shi ɗin ne ya karɓa kafin a mayar da shi.